Kwana Shida Kafin a Miƙa Makulli

Litinin, bayan la'asar

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa tashar ruwa lafiya. Ya aiki, ya gajiyar hanya? Mu nan lafiya lau. Inna ta tashi da sauƙi, ta sha maganinta ba rigima, sai dai sau uku tana tambayata ina ɗanta ya tafi, sau uku ina gaya mata. Ƙafata ta ɗan kumbura saboda tsayuwa a ɗakin jarrabawa, amma ba abin damuwa ba ne. Auta ta kira jiya daga makaranta, tana gaishe ka. To, na gama gaisuwa.

Na kira wayarka ya fi sau ashirin kafin in tuna ka ce can babu sabis ko kaɗan. Shi ya sa na yagi takarda daga littafin ɗalibai nake rubuta maka kamar zamanin da kake nemana. Tsohon direban da ke kai muku kayan gyara ya ce kullum da sassafe yake tafiya ya dawo da yamma, zai riƙe maka ita.

Yau da safe na saɓa jaka zan fita, na riga na makara, sai ga jami'in gidaje na ma'aikatarku a bakin ƙofa da fayil a hammata. Muka gaisa. Ya leƙa falo, ya ga labule a rataye, hotuna a bango, Inna na zaune tana shan shayi. Ya dube ni ya ce, “Malama, ba ku fara haɗa kaya ba?”

Na ce, “Kayan me?”

Ya ce, “Asabar ce fa, ƙarfe sha biyu na rana za a miƙa makulli. Wanda aka ba gidan yana tafe da iyalinsa ranar Lahadi.”

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi masa, na ce ya yi ɓatan gida. Bawan Allah ya buɗe fayil ya nuna mini. Takardar tashi ce, saboda ritayarka ta kama ƙarshen wannan wata. A ƙasa ga sa hannunka, wannan mai kama da ƙugiya wanda ko a duhu zan gane. Kwanan watan kuma, wata uku da suka wuce.

Wata uku, Baban Auta! Wata uku kana cin abinci a gabana, kana wanke hannu, kana tambayata ina na ajiye maka tabarau, takarda irin wannan tana cikin gidan nan ban sani ba. Da na dawo daga makaranta ban ko cire takalmi ba na zazzage durowarka. Ba ta nan. Na same ta a aljihun cikin tsohuwar kwat ɗinka, an ninke ta huɗu, duk ta yi laushi don yawan buɗewa. Ashe kana karanta ta. Ni ce kawai ba a ga ya dace in gani ba.

Ka san makon da muke ciki. Jarrabawa nake tsarewa safe da rana har Alhamis. Takardun yara ɗari da tamanin ke jiran jan biro, kuma shugabar makaranta tana son maki ranar Juma'a. Famfo bai kawo ko ɗigo ba tun ranar da injinku ya tsaya, da jarka muke wanka. Ga Inna da ba a barinta ita kaɗai na awa biyu. A cikin wannan ne zan tattara shekara ashirin da shida in ɗaure su a kwali?

Abu uku nake so ka amsa mini, kuma kada ka zagaya. Me ya sa ka ɓoye? Ina za mu? Yaushe za ka dawo?

Ni ce,
Maman Auta


Talata, da rana

Malama,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki. Na gode Allah da kuke lafiya. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina nan kusa. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo, kuma kada jarrabawa ta sa ki manta da maganin hawan jininki. Ni lafiyata lau, sai sauro da rashin barci.

Injin ya fi yadda muka zata lalacewa. Sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa ce ta lanƙwashe, ta cinye duk abin da ke riƙe da ita. Sai mun ɗaga kan injin gaba ɗaya da sarƙa kafin mu zaro ta, kuma nauyinsa ya kai na ƙaramar mota. Mu biyar ne a nan. In Allah ya yarda Juma'a ruwa zai tafi gari. Kafin nan ba zan iya motsawa ba, kin san wannan ba sai na faɗa ba.

Maganar takarda. Ban ce na kyauta ba, amma ki saurara. Ta zo ne a makon da muka binne mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta. Kin tuna yadda kike a lokacin, likita har cewa ya yi a rage miki damuwa. Na je na sami babban darakta, ya ce mini kada in damu, zai bar mu har ƙarshen shekara. Da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane. Na ce to me zai sa in tayar miki da hankali a kan abin da aka riga aka kashe? Ban san an yi masa canjin wurin aiki ba tare da ya rubuta komai ba. Laifina a nan shi ne ban karɓi maganar a rubuce ba.

Inda za mu kuwa, gidanmu mana. Ya kusa kammaluwa, ya fi yadda kika bar shi bara. Makullin yana cikin gwangwanin ƙusoshi a saman kabad. Ki je ki gani.

Ga yadda za a yi. Ki fara da ɗakin ajiya, shi ya fi tarkace. Firji kada a kwantar da shi a mota, a tsaye za a ɗaure shi. Gadonmu yana da noti takwas, ƙaramar sufana ce ke kwance su, kada ki bari masu ɗaukar kaya su sa masa guduma. Akwatin kayan aikina kada kowa ya taɓa. Na yi magana da Direba, ya ce zai roƙi motar ma'aikata ranar Asabar da safe. Ba wani abu ba ne mai wahala in an bi shi daki-daki.

Ana kirana, sun ɗaure sarƙar. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gangar mai nake yi, takardar ma ta ƙare. Wallahi na gaji da ke


Laraba, bayan la'asar

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ba ta ci abincin rana ba, ta ga kwalaye ta rikice, tana cewa wa ya mutu. Na sha maganina. Ina fata kai ma lafiya.

Takardarka ta iso jiya da yamma. Ban amsa nan take ba, don da na amsa da Direba bai iya riƙe ta a hannu ba.

“Wallahi na gaji da ke.” Haka ka rufe. Babu sallama, babu sa hannu, ko “mijinki” ba ka iya rubutawa ba. Na karanta sau biyar ina tsaye a tsakar gida, na ce ko idona ne. Shekara talatin da biyu da aure. To madalla, gara da ka faɗa. Ni da na tashi tun asuba na yi wa mahaifiyarka wanka da rabin bokiti, na canja mata zanin gado, na tsare yara saba'in a ɗaki ɗaya har azahar, na dawo na hau kujera ina sauke labule da kumburarriyar ƙafa, ni ce aka gaji da ni. Don na yi tambaya uku.

Kuma ka ce ba abu ne mai wahala ba in an bi daki-daki. Ka taɓa buɗe ɗakin ajiyar nan? Tayoyin keke huɗu na samu, babu keken. Rediyo uku da ka ce za ka gyara tun Babba yana firamare, yau ga shi da nasa 'ya'yan. Fanka marar kai. Kwalin wayoyin lantarki da suka cukurkuɗe. Duk naka ne. Nawa a ciki tsohon keken ɗinki ne kawai.

Na je gidan da ka ce ya kusa kammaluwa. Na roƙi maƙwabciya ta zauna da Inna, na hau mota biyu. Ka san me na tarar? Kicin babu ƙofa. Banɗaki babu ƙofa. Tagar falo kwali aka toshe ta da shi. Ƙasan ɗakinmu siminti ne tsirara, kashin awaki a kusurwa, don katangar baya ba ta kai ƙugu ba. Wata kaza ta yi ƙwai shida a inda za a sa murhu, da na shiga ita ce ta kalle ni kamar baƙuwa.

Na kuma ga abin da kake so in gani. Na ga ƙarfen da ka kafa a bangon ɗakin Inna har zuwa banɗaki don ta riƙa dafawa. Na ga katakan littattafai da ka jera a ɗakinmu, har da fenti. Ashe duk Asabar ɗin da kake cewa aikin gaggawa ya taso, can kake. Kada ka yi tsammanin godiya. Gidan nan tare muka sayi filinsa, tare muka tsaya aka haƙa harsashi. Ina da hannu biyu, na iya riƙe burushin fenti. Da ka gaya mini, da Asabar goma sha biyu muka yi mu biyu, da yanzu akwai ƙofa a banɗaki. Kai ka zaɓi ka yi shi kai kaɗai a ɓoye kamar mai sata.

Maganar rasuwar Mama kuma, kada ka ƙara fakewa da ita. Na yi kuka, na kwanta, na tashi. Bayan sati biyu na koma aji. Sauran sati goman fa? Ni ce na riƙe gidan nan shekarar da aka tura ka kwas wata tara, da goyo a baya da ciki a gaba. Ni ce na tsaya a asibiti lokacin da aka yi wa Babba aiki, kai kana waje ka kasa shiga. Yau ni ce gilashin da za a lallaɓa kada ya fashe?

Saura ɗaya, ita ce ta fi ƙona mini rai. Daga can na biya ofishinku in roƙi ko kwana bakwai. Ba a ba ni ba. Amma akawun da ke ƙofar darakta ya ce mini, “Ai Malama, maigidanki mutumin kirki ne. Yana cikin hutun ritaya, ba wanda ya tura shi, shi ya zo da kansa ya ce a sa sunansa.” Kuma ya ce tun ranar Juma'ar da ta wuce aka sake tuna maka maganar makulli. Wato ka sani kafin ka tafi. Ka tsaya a ƙofar nan ranar Lahadi da jakarka, ka ce mini “sai na dawo,” ka san abin da zai same ni da safe.

Wannan ba mantuwa ba ce. Gudu ka yi.

Maman Auta


Alhamis, da yamma

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ci abinci yau. An gama jarrabawa, na duba takardu ɗari da goma, saura saba'in.

Direba ya dawo hannu rabbana. Na tsaya a bakin titi tun ƙarfe biyar ina jiran motarsa kamar yarinya. Na ce, “Baba, ina saƙona?” Ya ce babu. Na ce ka ba shi tawa? Ya ce ya bayar. Na ce me ya ce? Sai ya hau goge madubin mota da hannun riga, madubin da babu ko ƙura a kansa, ya ce aiki ya yi muku yawa. Dattijo ne, ban so in tsare shi ba. Amma na gane. Ka karanta, ka ga ba ta cancanci amsa ba.

To shi ke nan. Na kwance gado da sufanar da ka ce, noti takwas, suna cikin leda na ɗaure a jikin ƙafar gadon. Na haɗa kicin. Na haɗa kayan Inna da nawa. Naka suna nan tsibi guda a tsakiyar falo, ban sa su a kwali ba, kuma ba zan sa ba. In sabon mai gida ya zo yana son rediyo uku, ya ɗauka.

Na kira Yaya, babban wana, na gaya masa komai. Ya ce in yi haƙuri, na ce na yi na shekara talatin da biyu, yanzu ɗaki nake nema. Sannan ya ce ɗakin baƙinsa yana nan. Ranar Asabar zan kai Inna sabon gida, in shimfiɗa mata gadonta, in jera mata magungunanta, in jira ka iso don ba zan bar ta ita kaɗai ba. Kana shigowa ni kuma in fita. Ban ce har abada ba, ban kuma ce zuwa yaushe ba. Mutumin da ya gaji yana buƙatar hutu, zan ba ka.

Ban gaya wa yara ba. Wannan aikinka ne, tunda ka iya zaɓen abin da ya kamata mutane su sani.

Maman Auta


Juma'a, da hantsi

Malama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Takardunki biyu suna gabana. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar na ɗan aji ɗaya, da hannun hagu nake yi. Zan gaya miki dalili.

Amma kafin komai, don Allah ki nemo takardata ta Talata ki juya bayanta. Na ce miki takardar ta ƙare, a bayan na ƙarasa. Abin da na rubuta shi ne na gaji, da ke nake son yin wannan magana baki da baki, ba a takarda ba. Sallama da sa hannu duk suna can baya. Jiya na karanta taki ta Laraba na rasa inda zan sa kaina. Ni in gaji da ke? In je ina?

Hannu kuma. Jiya da safe muna sauke kan injin, sarƙa ta zame. Na kai hannu in tare, ya danne mini yatsu biyu na dama. Direba ya iso daidai lokacin, shi ya kai ni ƙaramin asibitin da ke kusa. An yi ɗinki. Na tsakiya ya karye, sun ɗaure shi. Ɗan manunin kuma sun ce sai babban likita ya gani, ba su da tabbas a kan gaɓar ƙarshe. A kan bencin asibiti ya miƙa mini takardarki. Ni na ce masa kada ya gaya miki. Na roƙe shi har da haɗa shi da Allah, kada ki ga laifinsa.

Na san abin da za ki ce. Ina kwance jiya na faɗa wa kaina kafin ki faɗa. Kin rubuto mini shafi uku a kan ɓoye-ɓoye, ina gama karantawa na sake ɓoye wani. Ban ma lura ba sai da motar ta tashi.

Akawu gaskiya ya gaya miki. Ba wanda ya turo ni. Gaskiya ne injin nan ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka kafa shi, kuma yaran ba su taɓa buɗe cikinsa ba. Da wannan na rufe bakin kowa, har nawa. Amma ranar Juma'ar da aka kira ni aka ce babu ƙarin lokaci, na dawo gida da niyyar gaya miki. Na same ki a tebur kina shirya tambayoyin jarrabawa, kika ɗago kika ce lafiya, na ce lafiya. Asabar na ce sai an ci abinci. Da aka ce injin ya tsaya, wallahi sai na ji sanyi a raina. Na fi iya fuskantar ƙarfe. Kin kira shi gudu, sunansa ke nan.

Ba don ina ganin ki gilashi ba ne. Kunya ce. Shekara talatin da biyar ina aiki, in tashi in kai matata da mahaifiyata gidan da banɗakinsa babu ƙofa. Kullum ina cewa bari in ƙara Asabar ɗaya, in ya yi kyan gani sai in faɗa. Ranar ba ta zo ba.

Mun haɗa injin yau da safe, ni ina tsaye ina nuni da baki, su suna ɗaurewa. Yana juyawa. Kafin la'asar ruwa zai iso gari, ki buɗe famfon tsakar gida, na farko zai zo da laka. Dole in kwana in ga bai yi zafi ba. Gobe in Direba ya gama kwashe muku kaya zai zo ya ɗauke mu.

Tarkacena ki bar su inda suke, na cancanta. Maganar gidan Yaya, ba ni da bakin hana ki. Roƙo ɗaya nake yi. In na shigo, kada ki fita a tsaye. Ki zauna ki faɗa mini duk abin da ke cikin takardun nan da bakinki, in ji da kunnena, ba zan katse ki ba. Bayan nan abin da kika ga dama.

Mijinki


Asabar, bayan azahar

Baban Auta,

Assalamu alaikum. Ya hannu? Ya zafin ciwo? Allah ya ƙara sauƙi. Mu mun iso lafiya. Inna tana barci a ɗakinta. Na miƙa makin ɗalibai jiya, saura minti goma a rufe ofis.

Na nemo takardar. Sai da na farke kwali uku, don cikin fushi na cusa ta a tukunya. Na juya. Yana nan kamar yadda ka ce, har da zanen yatsanka na baƙin mai. Kwana uku ina haɗiyar wuta saboda waƙafi ɗaya da ka kasa sawa a tsakanin kalma biyu. Da ɗalibina ne da na zagaye wurin da jan biro na kira iyayensa. Ni ma ya kamata a ce na juya takardar. Wannan ɗaya na karɓa, ita kaɗai, kada ka ɗauka sauran sun bi ta.

Direba kuwa ya sha faɗa yau tun kafin ya kashe mota. Na ce, “Baba, mutum ya kusa rasa yatsa ka tsaya kana goge mini madubi?” Ya ce shi amana aka ba shi. Na ce amanar banza. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki katifa. Ka ba shi haƙuri a madadina in kun haɗu, ba shi ya kamata ya sha ba.

Ruwa ya zo jiya ƙarfe huɗu da rabi. Duk layin ya ɗauki ihu, mata da yara da bokitai. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa a gaida maigida, an gode. Na ce zai ji.

Inna ce ta ba mu wahala. An kwashe komai, ta zauna a kan tabarma a tsakiyar ɗakinta ta ce ba inda za ta, ɗanta zai dawo bai same ta ba. Sha ɗaya da rabi ta yi, jami'i yana tsaye a waje yana duba agogo. Na durƙusa na ce, “Inna, shi ne ya gina gida, ya ce ba wanda zai fara shiga sai ke.” Ta dube ni ta ce, “Shi da kansa?” Na ce da hannunsa. Ta ce a miƙo mata mayafi. Da muka iso ta kama ƙarfen nan na bango, ta bi shi har ƙarshe ta dawo, ta sake bi. Ba ta tambayi kowa komai ba.

Na miƙa makulli sha biyu saura biyar. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya jami'in zai ga abin da ban so ya gani ba. Kayanka na sa an loda su a ƙarshe. Ba don kai ba, don kada baƙi su zo su ga irin abin da na zauna da shi.

Na kira Yaya na ce ya dakata da gyaran ɗaki. Dakatawa na ce. Wa zai ɗaure maka maɓallin riga, wa zai ɗaga Inna, kai da hannu ɗaya? Za ka zauna ka ji, kamar yadda ka roƙa, kuma zai yi tsawo. Sannan kai za ka kira Babba da Auta a gabana, ka gaya musu mun tashi, ka gaya musu yadda aka yi, ba gyara. Ranar Litinin ni zan kai ka babban asibiti, kuma tare za mu shiga wajen likita. Ba zan zauna a benci ka fito ka ce mini “ya ce ba komai” ba.

Ku biyo ta bayan makarantar firamare, hanyar gaba ta yi taɓo, da ƙyar muka wuce ɗazu. Na rataya zani a ƙofar banɗaki, ka yi gyaran murya kafin ka ɗaga. Abincinka yana cikin kula a kan kwalin littattafai, na yanka komai ƙanana yadda cokali zai ɗauka.

Ban huce ba. Kada ka shigo mini kana murmushi.

Matarka